Agogon Tanimu

Shekara bakwai ke nan ina Garwa.
Na iya cewa jam na, na iya ƙirga sefa,
na san mai ƙosan da ke ba da gyara a Yelwa,
amma titin nan na gaban babbar kasuwa
har yau bai amsa sallamata ba.

Gyaran agogo nake yi.
Da ita na taso daga Funtuwa, cikin akwatin gwangwani.
Na san daƙiƙa, na san ƙanƙantarta,
ban san tana da haƙora ba sai a nan.

Kullum da safe ina bakin kwalta
kamar mai jiran kwalekwale a gaɓar Binuwai.
In duba hagu, in duba dama, in sake duba hagu,
sai babur ya ɓullo ta inda ido bai je ba.
Yaro ne, ko gemu bai tsiro masa ba,
fasinja biyu, buhun albasa, akuya a ɗaure,
yana danna oda kamar na ci masa bashi.

An taɓa shafa farin fenti a wurin,
layi-layi, wai rabon masu ƙafa ke nan.
Kafin damina biyu taya ta lashe shi tas.

Tanimu mutumin Tasawa ne, turare yake sayarwa,
ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya.
Ranar Laraba bayan la'asar
ya ce bari ya tura wa tsohuwa jaka biyar ya dawo,
in duba masa tire.
Wata tirela ta auduga ta tsaya ta rufe masa gani,
ya leƙa,
mai babur kuwa ya zo wuce ta da gudu.

Ƙarar ba ta da yawa.
Kamar an yar da ƙwarya.

Takalminsa ɗaya na tsakiyar titi,
motoci suna kauce wa takalmin.
Kamshin kwalbar da ke aljihunsa ya cika wurin,
har wata mata ta ce, wa ya fasa turare?

Mai babur ya bi iska.
Jandarma ya iso, ya durƙusa,
na ɗauka ƙafar zai duba.
Ya miƙa hannu ya ce, takardar zama.
Kwana tara da ƙarewarta.
Na ga Tanimu, ƙashi a waje,
yana ba da haƙuri da Faransancin kasuwa.

Baƙo idonsa manya ne, bakinsa ƙarami.
Muka biya ta takarda, muka biya ta likita,
ta ƙafa kuwa babu wanda za a tambaya.

Tsohuwa ta kira da dare.
Ya gyara murya a kan gadon asibiti:
lafiya lau, Inna,
kasuwa ce ta ɗan yi sanyi.

Kada in wanke kaina.
Jiya da magariba ta kusa kufce mini
ni ma na hau bayan wani yaro,
na ji bakina yana cewa, yi sauri mana.
Muka goge zanin wata mai tallan nono,
ban waiwaya ba
sai da muka sha kwana.

Yanzu yana dogara sanda, yana koyon taku.
Idan za mu tsallaka
mukan jira 'yan makaranta su taru,
mu raɓa a gefensu, gandama-gandama da mu.

Agogonsa yana cikin akwatina.
Gilashin ya tsage, allurar ta tsaya
a ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai.
Aikin rabin awa ne, na sani.
Kullum yakan ce, ya agogona?
Kullum in ce, sai gobe.