Jan Layi

Ban taɓa ƙaura ba.
Cibiyata na binne ƙarƙashin aduwar nan,
amma bana aka ce na shiga birni.

Yarinya ce ta zo da hantsi,
rigar ƙidaya a jiki, taswira a hammata.
Ta kife turmi ta shimfiɗa,
ta danne kusurwa da dutse.
Ta ce: Baba Nomau, ga Damagaram.
Ga Birni, ga Zango, ga Garin Malam,
ga inda rufi ke gogar rufi,
ga ka nan, ɗigo, cikin jan layi.

Na ce: Wa ya ja shi?
Ta ce: Mutanen biro.
Sun duba hoton ƙasa daga sama,
inda gidaje suka fara jan jiki da juna,
ko kwari ya gitta,
nan suka ce gari ya ƙare.

Ashe gari ma yana da ƙarshe, kamar igiyar guga.

Layin ya bi kwarinmu,
ya bar ƙanena Illo a ƙetare.
Nono ɗaya muka sha, gona ɗaya aka raba mana,
in na yi tari da dare yakan ce sannu.
Shi da tun asuba yake bisa kabu-kabu,
daga tasha zuwa Kasuwar Dole,
ba ramin da bai sani ba a lungunan Zango,
shi ne baƙauye.
Ni da rabona da ƙofar Birni
tun shekarar da fara ta cinye gero,
ni ne ɗan gari.

Na faɗa mata. Ta ce:
Ba a tambayar inda mutum ya wuni,
inda ya kwana ake rubutawa.

To, rubuta.
Mu tara ne, da tsohuwa goma.
Sallau na Agadas, ga tabarmarsa a jingine.
Wata nawa? Bakwai.
Ta tsallake shi.

Na ce: Tunda mun zama gari, yaushe famfo?
Ta ce: Lissafi tukuna, Baba.
Ta sha ruwan randa,
wanda jakin Illo ya ɗauko daga ƙetare,
ta sa mana lamba da alli a ƙyaure.

Da la'asar awakina suka tsallaka,
suka ci harawar ƙauye,
suka dawo birni kwana.
Illo ya tsaya bai kashe mashin ba:
Mutanen gari, an wuni lafiya?
Na ce: Lafiya lau, ya daji?
Muka yi dariya har tarin ya taso.

Bayan lisha na ɗauki tocila,
na gangara neman layin.
Yashi ne, da sawun jaki, zuwa da komowa.
Sai gaɓar da damina ke ci ta gefena,
bara kamu uku, bana ban auna ba.
Na tsaya ina tunanin
ko mutanen biro sun san
garinsu na zubewa cikin ƙauyen Illo.