Gwangwanin Nalado

A Ƙofar Marusa, ƙarƙashin rumfar kwano,
Nalado ba ya yar da gwangwani.
Na madara, na tumatir, na kifin jiya,
duk su zo, in ji shi, da sauran aiki.

Ya fille kai, ya cire gindi,
almakashi ya bi ɗinki yana kuka,
guduma ta lallashe shi bisa guntun ƙarfe
har ya kwanta shimfiɗe.

Ga mazurarin mai ya fito.
Ga ɗan zobe, siriri kamar farce,
na cusa wa wuyan keken Iro mai lilo.
Gindin kuwa, nan ƙusoshi ke kwana.

Ni, yaron shago, na yanke ran Talata.
Ya dubi jinin, ya dubi bakin da na bari da kaifi,
ya ce, "Wanda ka cinye wa ciki,
lanƙwashe masa baki kafin ya rama."

Yau injin markaɗen Tabawa na ruri.
Can ciki, inda ido ba ya kai,
rabin hoton saniya
na riƙe da noti.