Laƙabi

Ƙarfe ɗayan dare a Garin Malam.
Wuta ta dawo, fanka ta yi tari, ta tashi.
Ƙunshin manhaja dubu da ɗari huɗu
sun yi sahu a allona,
kowanne da sunan da baƙo ya raɗa masa,
sunan da ba ya faɗin sana'a.

Tsarin da muke haɗawa na ƙananan asibitoci ne,
inda waya ke neman layi a kan tudu,
inda kwamfuta ta girmi mai jinya.
Aikina in liƙa wa kowane ƙunshi laƙabi
don mai nema ya samu kafin batir ya mutu.

Wannan: ba ya son layi.
Wannan: mara nauyi.
Wannan ya san ƙ da ɗ da ɓ,
ba ya mai da ƙafa kafa.
Wancan mai cin batir ne, na rubuta masa haka,
ban ji kunyarsa ba.

Kiyari ya ce mu yi akwati akwati,
magani nan, lissafi can, a rufe.
Na ce, to, kanwa fa?
A kasuwar Dole kakata Cima ta sayar da ita shekara talatin.
Mai miya ta saya, mai raƙumi ya saya,
mai ciwon ciki ya zo a duƙe ya saya.
Wane buhu za ka sa ta, Kiyari?
Ya yi shiru, ya ƙara wa shayi sukari.
Tun ranar muka bar abu guda ya amsa suna uku.

Wajen ƙarfe biyu na iso kan wani ɗan ƙunshi,
bai kai nauyin hoto ɗaya ba.
Kwana yake ƙirgawa, shi ke nan:
a ba shi ranar da aka ga wata na ƙarshe,
ya faɗi makon haihuwa.
Shekara bakwai ba wanda ya taɓa shi.
Mai shi ya bar adireshin da ba ya amsawa.
Irin wannan a sana'armu maraya ake ce masa,
kuma maraya ba ya shiga sabon tsari.

Na rubuta: maraya.
Yatsana na kan maɓallin cirewa
sai na tuna Barira, ungozomar wani ƙauye bayan Mirya,
da ta kira ni da damina, murya na yankewa,
ta ce, ɗan abin nan mai ƙirga,
in kun sabunta kada ku taɓa mini shi.
Ba ta san sunansa ba.
Ni ma a lokacin ban sani ba.

Can waje wani ya tura kurar ruwa,
jarkoki na gware da juna,
zai kama layin famfo tun kafin asuba.

Na buɗe cikin ƙunshin.
Layi ɗari uku, rubutu mai tsabta,
hannun wanda ba ya gaggawa.
Wuri guda ya tsufa, na gyara.
A gurbin mai kula, inda ba kowa,
na sa Ma'azu Ɗan Jimma, Damagaram,
na goge maraya.

Saura dubu da tamanin.
Fanka ta sake yin tari.
Na adana aikin da sauri.