Mai Dafa Tsirkiya

Babana dafa tsirkiya yake yi.
Ranar Alhamis, in Inna ta sauke tuwo,
sai ya ari ƙaramar tukunya,
ya naɗe guda huɗun nan kamar gammo,
ya tsuguna yana fifita gawayi.
Wai gumin yatsa ne ke toshe musu murya.
Sababbi a Sabon Gari sun kai kuɗin cefanen mako,
mu kuwa baki bakwai ne a gidan.

Sallau sunansa na yanka.
A titin Gidan Zu ba wanda ya san haka.
"A kira Bes."
"Bes bai iso ba?"
Can sai ga Bes a kan besfa,
gita a goye, wuyanta ya zarce hularsa.

Sau ɗaya na bi shi.
Ɗaki ne da aka liƙe da kwalin ƙwai,
an kashe fanka kada iska ta shiga kaset,
kowa ya jiƙe sharkaf.
Mawaƙin ya rera sau biyu, yana santsi.
Baba bai ce uffan ba,
ya runtse ido, ya sa babban yatsa,
sai na ji abin a cikina kafin kunne,
sai na ga mawaƙin ya sami wurin taka ƙafa.

A hanya ya ce da ni,
"Lantana, ni daɓe ne.
Wa ya taɓa shiga ɗaki ya gaida daɓe?"

Ya yi wa tallan sabulu kiɗa,
da na maganin sauro, da na gishiri.
Daren Asabar yana bayan 'yan rawa a otal,
inda fitila ba ta kai ba.
Shekarar zaɓe, da hantsi ya yi wa wata jam'iyya,
bayan la'asar ya yi wa abokiyar gabarta.
Bugun ɗaya ne, sauri kawai ya ƙara.
Tsirkiya, in ji shi, ba ta dangwala ƙuri'a.

Ladan, wani sa'in a ambulan,
wani sa'in "sai kaset ya fita".
Kaset ya fita, mu yi rububinsa:
ga mawaƙi ya riƙe haɓa,
ga mai kuɗin, ga shagon da ke sayarwa
har da lambar rumfa.
Mu juya baya, mu bi layi layi da yatsa.
Baba ya ce, "Ku daina nema, ku kunna."

Sannan fiyano ta shigo gari.
Yaro ɗan shekara goma sha tara,
da ɗan yatsan hagu,
yana yin bes, yana cin gyaɗa da dama.
Baba ya yi wata uku yana zuwa,
ya zauna a benci, ya sha shayi,
a gaishe shi da girmamawa,
a rufe ƙofa.

Ya buɗe kes a Gyaɗi-Gyaɗi, gyaran lasifika.
Ta masallaci, ta mai rake, ta mai maganin basir.
In ya gama, ba kunne yake karawa ba,
tafin hannu yake ɗorawa.

Bana shekara shida da rasuwarsa.
Jiya a cunkoson Ɗangi,
mai adaidaita ya sako tsohuwar waƙa,
kujera ta ɗauki rawa a ƙarƙashina.
Na ce, "Wannan babana ne."
Ya leƙo ta madubi: "Mai waƙar?"
Na ce, "A'a. Na ƙasan."
Ya rage sauti don ya ji ni da kyau,
Baba ne ya fara ɓacewa.

Na ce, "Ƙara, ɗan'uwa. Ƙara."

Tukunyar tana nan.
Akwai zoben tsatsa a gindinta da ya ƙi toka, ya ƙi soso.
Inna ba ta miya a ciki,
ba ta kuma ba da aronta.