Ƙarfe Uku a Gidan Na'urori

Ƙarfe uku na dare a Clondalkin.
Ruwan garin nan ba ya zuba, tsayawa yake a iska
yana jiran wanda zai shiga cikinsa.
Ni ke gadin ƙofa ta huɗu.
Bayana dogayen ɗakuna ne, na'urori jere a duhu
suna gurnani kamar shanu masu tuƙa,
cikinsu hotunan bikin mutanen da ban taɓa gani ba.

Fiachra ya shigo shan shayi, filaya na leƙe daga aljihunsa.
Ya ce labari ya fito, an ƙera na'ura mai tunani,
nan da shekara biyar ba mai gadi, ba mai shara, ba lauya.
Ivonete ta jingina sandar goge-goge da bango.
To ita za ta zo ta zaro gashin da ya toshe magudanar bayi?
Ke kullum sai kin jefa ƙazanta cikin zance.
Ƙazantar ke biya mini haya, in ji ta.

Daga nan gardama ta yi tsallen da ta saba,
ta faɗa teku.
Kakana ya ga ambaliya tun motoci ba su kai goma ba a ƙauyenmu, in ji shi.
Duniya dama mai masassara ce, yau zafi gobe sanyi,
masana kuma da tsoronmu suke cefane.
Ivonete ta ce kogin garinsu ya janye bara
har kwale-kwale suka kwanta a yashi kamar takalman da aka tuɓe.
Bara ɗaya ba hujja ba ce.
Kakanka ɗaya fa?
Sai suka juyo. Tofazzal, kai me ka gani?

Na hura shayina.

A Bhola gonar babana ba ta da girma.
Rabi kogi ya haɗiye a damina guda,
sauran gishiri ya shige ta, shinkafa ta fito ja ta mutu a tsaye.
Kabarin kakata, yanzu masunta ke wucewa ta kansa
ba su ma san su yi sallama ba.
Ban faɗi ko ɗaya ba.
Na ce ni ban karanci kimiyya ba.

A aljihun ƙirjina akwai kati mai hotona,
kwana arba'in da ɗaya suka rage masa.
Lauyar da na gani ranar Talata ta cire tabarau kafin ta yi magana:
doka ta san wanda ya guje wa bindiga,
ta san wanda aka kora don addininsa.
Wanda ruwa ya kora kuwa,
doka ba ruwanta.

Fiachra ya ce shi bai ƙi baƙo ba, amma layi layi ne.
Ivonete ba ta ɗaga murya ba.
Kawunka na Boston, wanda ka ce bai zo jana'izar uwarsa ba,
a wane layin ya tsaya?
Ya daɗe yana juya cokali a kofin da ba sukari.

Sai ƙararrawa.
Ɗaki na bakwai, zafi ya hau da maki biyu.
Ba wanda ya ce a kawo hujja,
ba wanda ya tuno kakansa.
Fiachra ya ruga, kujera ta faɗi a bayansa,
waya ta fara kuka daga manyan da ke barci a wata nahiya.
Cikin minti tara fankoki suka dawo da sanyi.

Na ɗaga kujerar, na wanke kofuna uku.
Saƙon murya ya shigo daga 'yata Rumki:
Abba, mun sake ɗaga gadon a kan bulo.
Wataƙila ta ɗaki na bakwai muryar ta biyo.
Na saurara sau biyu,
na koma ƙofa ta huɗu.