Tabarau Mai Ganin Ƙashi

A Yaba, gefen layin dogo,
Baba Rasaki ya baza tsofaffin littattafan zane a kan buhu.
Guda sisi. Wanda ruwa ya taɓa, taro.

Ni da Sallau ba labarin muke bi ba,
shafin ƙarshe muke buɗewa,
inda aka cusa kasuwa guda cikin takarda ɗaya:
garin da za ka zuba a ruwa ya zama birai masu kambi,
zoben da ke sa a ji muryarka daga cikin akwati,
sirrin da zai mai da ramamme ƙato a kwana bakwai,
sai kuma shi,
tabarau mai ganin ƙashi.
Yaron da ke hoton ya ɗaga hannu, ido waje,
yana kallon yatsunsa tsirara.

Wata huɗu muna dakon goro a Agege.
Sallau ya sayar da tantabarunsa biyu.
A gidan waya muka sayi fas'oda,
na lasa kan sarki har sau uku don ya kama,
muka rubuta adireshin wani gari
da bakinmu ya kasa faɗa.

Damina ta zo ta cika kwatami, ta wuce.
Ma'aikacin ya gaji da mu,
daga nesa yake kaɗa mana kai.

Ran da ya iso, ambulan ne shafal.
Kwali. Ramuka biyu.
A kowane rami an manna gashin tsuntsu.
Sallau ya sa, ya ɗaga hannu ga rana, ya daɗe,
ya ce, "Wallahi ina gani."
Na karɓa. Inuwa ce kawai ta rabu biyu.
Na ce, "Ni ma."
Muka raba ƙaryar kamar yadda muka raba kuɗin,
har 'yan layinmu suka riƙa biyan kwabo su leƙa.

Jiya a asibitin Idi-Araba
wata likita, sa'ar jikata,
ta ɗora baƙin hoto a kan fitila.
Ga haƙarƙarina a jere kamar katakon kwalekwale,
ga wani tabo da take nunawa da biro.
Tana bayani, ni ina murmushi.
Ta tsaya ta dube ni.

Ta yaya zan gaya mata
saƙona ne ya iso, bayan shekara hamsin da ɗoriya,
kuma Sallau ba ya nan
balle in miƙa masa ya duba?