Mai Sassaƙa Sunaye

Ranar Talata suka kawo takardar:
sunaye goma sha ɗaya, biyu hafsoshi.
Suka ce hafsoshin a sama.
Na ce to. Dutse ba ya musu.

Laftanar Idwal Prydderch.
Ni na koya masa riƙon kurfi da guduma
a mahaƙar bayan gari,
kafin boko ya ɗauke shi,
kafin tauraro ya hau kafaɗarsa.
An ce usur na bakinsa sa'ad da ya haura ramin.
Bai kai ga busa ta biyu ba.

Kyaftin Gethin Vaughan, ɗan gidan kan tudu,
ban san shi ba sosai.
Na dai san ya bar takalmi wurin baduku,
an gyara, ba mai karɓa.

Ruwan saman Wales ba ya gajiya.
Yana sauka kan tumaki, kan rufin majami'a,
ya cika harafin da na fafe
kamar 'yar rijiya.

Suna can cikin lakar Faransa,
ƙasar da harshenta bai iya sunansu ba.
Mu nan suna muka samu, ba gawa.

Jiya mahaifiyar Idwal ta zo.
Ba ta yi kuka ba.
Ta bi haruffan da yatsa, ta ce,
"Zurfafa, Rhodri. Iskar nan tana cin dutse."

Na zurfafa. Hannuna na rawa,
harafin ƙarshe ya ɗan karkace.
Na bar shi.
Haka yake tafiya tun yana yaro.